Nauyin kaya ba ya riƙe kaya: zama da masu koyon babbar mota

Waɗanda ke saurarenmu a tasha, da waɗanda suka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota ana jiran lodi, da masu karanta wannan a waya saboda data ba ta kai ta jin murya ba, duk ina gaishe ku. Zaman yau na yaran mota ne, da duk saurayin da ke da burin wata rana shi ma ya riƙe sitiyarin tirela. Manyan direbobi, iyayen gidanmu, ku ma ba mu kore ku ba, ku matso kusa.

Maganar ɗaurin kaya za mu yi. Na san wani har ya taɓe baki, wai igiya ce kuma za a yi wa shiri guda? To ka dakata. Yaro zai yi shekara uku, huɗu yana bin mota. Zai iya canza taya cikin dare, zai iya sa waigi a kan gangare, zai iya ribas da tirela ya shiga lungun da ƙaramar mota ma sai ta yi tunani. Amma ka ce masa me ya sa aka ɗaura igiya shida a kan wannan lodin ba huɗu ba, sai ya ce haka ya ga maigida yana yi. Ka tambayi maigidan, shi ma haka ya ga nasa maigidan yana yi. Kuma duk cikinmu babu wanda bai taɓa jin wannan maganar a wurin lodi ba: "Rabu da shi, ai nauyinsa ma ya isa ya riƙe shi."

Wannan maganar ita nake so mu kashe yau, don ta kashe mutane da yawa.

Ga gwaji, ba sai ka yarda da ni ba. Samu katako mai faɗi. Ɗora cikakken bulo a gefe ɗaya, ka ɗora ɗan ɓallin bulo kamar tafin hannu a ɗaya gefen. Yanzu ka riƙa ɗaga katakon daga gefe guda a hankali, a hankali. Wanne zai fara zamewa? Yawancin mutane za su ce ƙaramin. Je ka gwada. Kusan tare za su tafi. Dalili kuwa, gaskiya ne abu mai nauyi ya fi kama dabe, amma kuma ƙarfin da ke jan sa ya tafi shi ma ya fi yawa, daidai gwargwadon nauyin. Su biyun tare suke hawa. Don haka birkin da zai zamar da buhu ɗaya a bayan mota, shi ne dai zai zamar da injin tan 20. Bambancinsu yana wajen isowa. Buhu ɗaya zai daki bangon gaba ya tsaya. Tan 20 ba ya sallama, cikin kan motar zai shigo, inda kai da maigidanka kuke zaune.

Ka tuna yadda kake dungurawa gaba in mai a-daidaita-sahu ya taka birki ba shiri. Mashin ɗin ya tsaya, jikinka bai samu labari ba. Kayan da ke bayan tirela haka yake, shi tafiyarsa kawai ya sani.

Turawa sun auna abin sun sa masa lamba. Ƙa'idar ɗaurin kaya ta Turai, wadda ake kira EN 12195, ta ce dole ɗaurinka ya iya tare kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan idan ya yunƙura gaba, da kashi 50 idan ya yunƙura gefe, da kashi 50 idan ya yunƙura baya. Dokar Amurka ma waɗannan lambobin ta ɗauka. A Ingila sun ma ƙara tsanani, sun ce ta gaba ka yi lissafi da nauyin kayan gaba ɗayansa. Wato lodin siminti na buhu 600, kowane buhu kilo 50, tan 30 ke nan, in ka danne birki sosai, ƙarfin kusan tan 24 ne ke son ya tafi gaba. A kwana kuma har tan 15 na iya tura kayan gefe. Kuma lambobin nan na tuƙin yau da kullum ne fa, akuya ta shigo titi, ɗan acaɓa ya yanko, ka kauce wa rami. Ba a ma zo maganar karo ba.

To me ke riƙe kaya in ba nauyi ba? Abu na farko shi ne yadda ƙasan kayan ya kama daben bodi. Ni kamun dabe nake ce masa, 'yan makaranta su ce gogayya. Shi ma yana da lamba. Katako a kan daben ƙarfe, kamunsa wajen kashi 30 cikin 100 ne na nauyin kayan. Ƙarfe a kan ƙarfe bai ma kai haka ba, santsi ne zalla. In an shimfiɗa tabarmar roba da aka yi musamman don hana zamewa, ya kan kai kashi 60.

Yanzu ku ba ni hankalinku, za mu yi ɗan lissafi, wanda ke tuƙi kada ya ɗauko biro. Mu ce an ɗora maka babban janareta, tan 10, yana zaune a kan katako, daben motarka ƙarfe ne, kuma an ajiye shi a tsakiya bai jingina da komai ba. Ka taka birki, tan 8 ya yunƙura gaba. Kamun dabe ya riƙe tan 3. Saura tan 5 da babu mai riƙe da su sai ɗaurinka.

Sai ka ce ai ina da bel, irin mai hannun nan da ake bugawa yana ƙat-ƙat-ƙat, kuma mai shago ya ce min na tan biyar ne, guda ɗaya ma ya isa, bari in sa biyu don Allah ya sa albarka. Nan ne ake yin asara. Bel ɗin da ka haye da shi ta saman kaya ba tare kayan yake yi ba, danna shi yake yi ƙasa don kamun dabe ya ƙaru. Kuma ƙarfin da yake dannawa da shi daban ne da ƙarfin da zai tsinka shi. Duba ɗan ƙyallen da ke ɗinke a jikin bel ɗin. Za ka ga LC, misali 2500 daN, ka ɗauke shi kamar kilo 2500, wannan shi ne jan da aka yarda ya ɗauka a miƙe. Za ka kuma ga STF, yawanci tsakanin 300 da 500. Wannan ƙaramar lambar ita ce tsaurin da hannunka zai iya ba shi da ƙarfen bugawar. Ita ce lambar dannawa. Mu ce naka 400 ne. Gefe biyu, in komai ya tafi daidai, ya danna kayan da kilo 800.

Kana neman ƙarin riƙo na tan 5, a kan daben da ke ba ka kashi 30 kacal na duk abin da ka danna. Sai ka danna da kusan tan 17 ke nan. Raba 17,000 da 800. Bel 21. Ashirin da ɗaya, jama'a! Wa ya taɓa ganin an ɗaura wa janareta bel ashirin da ɗaya? Biyu ake sa wa, a buga su har su yi ƙara kamar tsirkiyar garaya, a ce Allah ya kiyaye hanya.

Amma canza abu ɗaya. Shimfiɗa tabarmar roba a ƙarƙashinsa kafin a sauke shi. Yanzu dabe ya riƙe tan 6, saura tan 2. Abin da za ka danna da shi ya dawo tan 3 da ɗan ɗoriya. Bel biyar, masu bin ƙa'ida sau da ƙafa su ce shida. Daga 21 zuwa shida, saboda roba. Shi ya sa nake cewa tsintsiya kayan aikin ɗauri ce. Daben da aka bar yashi a kai, ko baƙin mai ya zuba, ko ragowar gero da masara daga lodin jiya, ai ka shimfiɗa wa kayanka boris ne. Share dabe kafin 'yan lodi su fara. Aikin minti biyar ne, kuma aikin yaron mota ne, ba wanda zai yi maka.

Akwai kuma kusurwar bel. In ya sauko a tsaye daga kan kayan zuwa gefen bodi, kusan duk tsaurinsa ƙasa yake dannawa. In kayan gajere ne, kamar fallayen ƙarfe da aka shimfiɗa a tsakiyar dabe, bel ɗin sai ya kwanta. Ya kwanta zuwa digiri 30, rabin dannawar ta tafi. Ka ji shi da tauri a hannu, amma gefen bodi yake ja, kayan ko a jikinsa.

Duk wannan lissafin abin da yake nuna maka shi ne dannawa ita ce hanya mafi rauni. Wadda ta fi ta, kuma kyauta ce, ita ce toshewa. Ka sa a jingina kayan da bangon gaba na bodi, ƙirji da ƙirji, ba rata. In rabon nauyi a kan tayoyi bai bari a kai shi gaba ba, to a cike ratar da manyan katakai masu ƙwari, daga kayan har bango. Rata ita ce abokiyar gaba. Bangon da zai iya tare kayan da ke jingine da shi, ba lallai ya tare kayan da ya samu filin taku biyu ya yi gudu ba. Ka tura ƙofa da kafaɗa kana manne da ita, sannan ka ja baya ka taho da gudu ka banke ta, ai ka san ba ɗaya ba ne. Haka tsakanin kaya da kaya, haka gefe da gefe. Abu mai gangarawa kuma, durom a kwance, manyan bututu, naɗin waya, sai da waigi gaba da baya, kamar yadda kake sa wa taya, kuma a kafe waigin kada shi ma ya bi.

Ta uku ita ce ɗauri kai tsaye, daga jikin kayan zuwa jikin mota. Janaretan nan, ko tarakta, ko motar da aka ɗauko, suna da kunnuwan ƙarfe. Sarƙa biyu daga gabansa su ja gaba, biyu daga bayansa su ja baya, a gicciye. A nan ne babbar lambar LC take aiki, don yanzu ɗaurin ne da kansa ke tare kayan. Sarƙa huɗu masu kyau a haka sun fi tarin bel a bisa kai. Sai dai ka duba inda kake maƙalawa a jikin motar. Ƙananan ƙugiyoyin nan da aka jera a gefen bodi na igiyar tampol ne. Sarƙar tan biyar a jikin ƙugiyar da mai walda ya ɗiga wa wuta sau biyu, ƙarfinta ƙarfin waldar ne.

To mu zo kan igiya, don na san ita kuka zo ji, kuma ita ce a hannun yawancinmu.

Igiya ma suna ta tara. Tsohuwar ƙa'idar Ingila ta ɗaurin kaya ta ce kada kaurinta ya gaza milimita 10, ta zama mai tufka uku, kuma ta yi gargaɗi a kan ta nailan, saboda tana miƙewa in ta ji nauyi. Ka ɗaure tam, kaya ya yunƙura, ita kuma ta ba shi hanya kamar roba. Shuɗiyar nan ta kasuwa ba ta miƙewa haka, amma rana ce ajalinta. In ka murza ta ka ga tana zubar da gari, ko launinta ya koɗe ya yi fari-fari, ta gama aiki, a kai ta gida a yi shanya. Ta zaren tsiro kuma tana tsukewa in ta jiƙe, ta saki in ta bushe. Ka ɗaure da asuba cikin raɓa ko bayan ruwan sama, kafin azahar ta yi laƙwas. Sannan kowane ƙulli yana rage wa igiya ƙarfi, wani ƙullin har kusan rabi. Igiyar da ta tsinke sau uku aka ƙuƙƙulla, ka san abin da ka riƙe. Shi kuwa bel ba a ƙulla shi sam. Ya yage, ya tafi bola.

Ƙulli mai kyau halinsa biyu: ba ya kwancewa da kansa, kuma yana kwancewa in kai ka so. Ɗaurin kawo wuƙa ba gwaninta ba ce. Duk igiyar da sai an yanka a wurin sauke kaya, gajarta take yi, kuma daga aljihun wani za a sayi sabuwa.

Wanda ya zama dole kowane yaron mota ya iya ko cikin duhu shi ne ƙullin ja, wanda direbobin Ingila ke yi wa wani nau'insa laƙabi da doli. Bari in kwatanta, wanda ke da igiya kusa ya ɗauko. Ka kafe bakin igiyar a can ɗaya gefen, ta haye kan kaya, ta sauko gefenka. Kamar tsawon hannu guda sama da ƙugiya, ka murɗa igiyar sau biyu ko uku ta yi zobe. Sai ka kamo igiyar da ke ƙasan zoben, ɓangaren da ya nufi ƙugiya, ka lanƙwasa ta, ka cusa lanƙwasar cikin zoben, ka ja ta zauna. Ka samu kunne ke nan. A kula, daga ƙasa ake kamowa. In ka kamo ta sama, kunnen zai zama zarge, kana ja yana tsukewa har ya shaƙe igiyar. Yanzu ka kai jelar igiyar ƙarƙashin ƙugiya, ka dawo da ita sama, ka zura ta cikin kunnen, ka ja ƙasa da nauyin jikinka. In ta yi tsauri, ka matse wurin da ta ratsa kunnen da yatsu biyu kada ta koma, ka yi mata ƙulli biyu a jere nan ƙasan kunnen. Ragowar jelar a naɗe a soke. Jelar da aka bari tana reto tana iya shiga taya ko ta fyaɗi mai mashin.

Me ya sa wannan ƙullin ya fi jan hannu kawai? Saboda igiyar ta je ta dawo, ta zama kamar ƙaramin injin jan kaya. A takarda, ƙarfinka ya ninka sau uku. A zahiri igiya na gugar igiya, tana gugar ƙugiya, abin da ke isa ga kayan bai fi wajen ninki biyu ba. Mu ce ka ja da ƙarfin kilo 40, igiyar ta samu wajen 80. Ka tuna bel ɗin ɗazu 400 yake bayarwa, kuma shi ma sai da muka nemi 21. Ba raina igiya nake yi ba, da ita muka tashi, da ita ake kai hatsi daga Dawanau har Legas. Amma a san matsayinta. Tana haɗa kan buhuna, tana riƙe tampol, tana tattara kaya marar nauyi. Injin, rodi, kwantena, waɗannan sun fi ƙarfinta ko da wa ya ƙulla. Wani abu kuma, kada ka riƙa yin kunnen a wuri ɗaya kullum. Gugar nan tana haifar da zafi, igiyar roba tana narkewa a wurin, wata rana nan za ta ɓalle.

Gefen ƙarfe mai kaifi kuwa wuƙa ce a hankali. Mota na girgiza, yana ci. Yankakkiyar tsohuwar taya ko kwali mai kauri a kan kusurwa ya raba rigima, kuma yana sa tsaurin ya zagaya ɗaya gefen maimakon ya maƙale a kusurwa.

Tampol ba zan daɗe a kansa ba. Aikinsa ruwa, rana da ƙura. A ɗaure kaya tukuna, sannan a rufe. In guda biyu ne, na baya ake fara shimfiɗawa, na gaba ya hau kansa, don bakin haɗin ya kalli baya, iska ta wuce ta sama. Ka juya tsarin, kafin ka fita gari ya kumbura kamar balan-balan, ruwan sama kuma ya samu ƙofa.

Lodin buhu, ko masara ce ko siminti ko taki, tun daga jerawa ake ɗaure shi. A jera kamar ginin bulo, kowane sahu ya haye kan haɗin na ƙasansa, kuma in an wuce bakin bodi sahun ya riƙa shigowa ciki. In ka ga 'yan lodi suna ɗora buhu kan buhu a tsaye kamar ginshiƙi, yi magana tun a sahu na biyu, don in sun kai na takwas ba mai sauke maka. Tsawo kuma yana da nasa haɗarin da igiya ba ta magani. Kaya ya yi sama, nauyin motar ya koma sama, a kwana sai ta ɗaga ƙafa. A nan ɗaurin ma in ya yi kyau, kayan da motar tare za su kwanta. Ƙarfin da ke tura ka gefe a kwana yana ninkuwa sau huɗu in ka ninka gudu sau biyu. Kwanar da ka sha lafiya a kan 30, in ka shige ta a kan 60 ba ita ce ka sani ba. Mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama, nauyin kuma a tsakiyar faɗin bodi.

Rodi da bututu su ne masu ba ni tsoro. Damin rodi kana ganinsa abu ɗaya ne, alhali ɗaruruwan masu ne a kwance, kowanne yana iya zamewa a kan ɗan'uwansa. Bel a bisa kai yana danna na waje, na tsakiya kuwa ba abin da ya taɓa su. Sai sarƙa ta zagaye damin gaba ɗaya ta shaƙe shi, kuma kawunansu su tokari bango mai ƙarfi. Ɗaukar rodi a kan falat ɗin da babu komai tsakaninsa da kan mota, ni dai ba na kiran wannan jarumta.

Kwantena kuma an gama mata tsari tun daga masana'anta. Tana da rami a kusurwoyinta huɗu na ƙasa, motar ɗaukarta tana da makullai huɗu da ake murɗawa su kama. Huɗun ake kullewa, kuma ka zaga da ƙafarka ka taɓa kowanne. Mai tsawon ƙafa 20 kaɗai an yarda ta kai tan 30 da ɗoriya, kuma kai ba ka ga yadda aka jera cikinta ba. A watan Janairun 2023 kwantena ta rikito daga kan mota a gadar Ojuelegba da ke Legas, ta danne ƙaramar bas ta fasinja, mutum tara suka rasu. Mutanen nan mota kawai suka shiga za su tafi harkarsu. Duk sanda ka ga kwantena zaune a kan falat da sarƙa ɗaya, ko babu komai, to maganar nan ce ta "nauyinta ya isa" take tafiya a kan titi.

An gama ɗauri an tashi, aiki bai ƙare ba. Kaya yana zama. Buhuna suna lotsawa, katako yana gyara kwanciya, igiyar da ta yi tsauri a wurin lodi sai ka tarar hannu na shiga ƙarƙashinta. Dokar Amurka ta wajabta wa direba ya tsaya ya duba ɗaurinsa cikin mil 50 na farko, kilomita 80 ke nan, sannan duk bayan awa uku ko mil 150, wato kilomita 240, duk wanda ya riga zuwa. In daga Kano ka taso ka nufi kudu, dubawar farko kafin ka wuce rabin hanyar Zariya ke nan, ta biyu kuma kamar tsawon Kano zuwa Kaduna. Wannan lissafin titinsu ne fa. A namu mai ramuka, ni ina ganin kilomita 20 ko 30 na farko ya isa a tsaya. Kuma duk sanda aka taka birki mai ƙarfi, ko aka faɗa rami har haƙora suka haɗu, a nemi wuri mai kyau a sauka a duba. Tunda dama ana tsayawa salla da cin abinci, ka mai da shi al'ada, kafin ka nufi mai shayi ka zaga motar sau ɗaya kana jan kowace igiya da hannu.

Wurin sauke kaya ma ana jin ciwo, wani lokacin fiye da kan hanya, saboda kowa ya saki jiki an iso. Kafin ka kwance komai, ja baya ka kalli lodin. Ya karkata? Akwai igiyar da ta fi sauran tsauri fiye da yadda ka bar ta? To kayan ya jingina da ita, ita kaɗai ke riƙe da shi, kana saki zai biyo ka. Kada ka tsaya a gefen da ya karkata. Ƙofar baya ma haka, ka buɗe kana gefe. In za ka jefa bel ko igiya ta haye, leƙa ɗaya gefen ka yi magana da ƙarfi, ƙugiyar ƙarfe ta sauka a kan mutum ba wasa ba ne. In ka hau saman lodi kuma, ɗaga kai ka nemi wayar wuta kafin ka miƙe tsaye.

Sai maganar mutane a saman kaya. Mun san dalili, kuɗin mota ya yi tsada, direba ma yana neman na cefane, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra sun daɗe suna faɗa a kai. Ni abin da zan ƙara daga ɓangaren darasinmu kaɗan ne. Duk lissafin da muka yi na kashi 80 da kashi 50 yana aiki a kan jikin mutum kamar yadda yake aiki a kan buhu. Buhun an ɗaure shi, mutumin kuwa yatsunsa kawai ya soka a igiya, ga barci, ga sanyin asuba.

Na san tambayar da ke ran yaran mota: to ni da ba ni da ta cewa fa? Mai kaya yana sauri, ɗan kamasho yana sauri, 'yan lodi an biya su sun tafi, maigida ya riga ya tada mota. Gaskiya ne, ba ka isa ka ba maigida umarni ba, kuma ban ce ka yi masa gyara a gaban mutane ba. Amma akwai yadda ake yi. "Maigida, na ga kamar ta bayan nan ta ɗan saki, a ba ni minti biyu in ƙara mata." "Oga, akwai rata a gaba, in nemo katako?" Ban taɓa ganin direban kirki da ya ƙi wannan ba, don ya fi ka sanin cewa in kaya ya zube, ba a neman 'yan lodi, ba a neman ɗan kamasho. Wanda ke riƙe da sitiyari ake kamawa. Kai ma ranar da aka miƙa maka makulli, kai za a kama.

A Ingila direban babbar mota sai ya koma aji na awa 35 duk shekara biyar kafin ya ci gaba da sana'a, kuma ɗaurin kaya yana cikin abin da ake koyarwa. Mu a nan ajinmu tasha ce, malaminmu maigida. To iyayen gida, in yaro ya yi tambaya a ba shi dalili, kada a tsaya a "haka ake yi". Ku kuma samari, aikin gida: igiya mai tsawon mita uku, benci ko ƙafar gado, a yi ƙullin jan nan sau ashirin kullum har mako guda, biyar na ƙarshe ido a rufe. Sannan duk bel ɗin da ke cikin akwatin motarku a zaro shi a karanta ƙyallensa, a nemo STF. Wanda ya tarar nasa babu ƙyallen ma gaba ɗaya, ya faɗa wa maigida yau.

Nan za mu dakata. Waɗanda ke kan hanya Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Sai mun haɗu a zama na gaba. Wassalamu alaikum.